Ihu Bayan Hari: Tallafin Karatun 'Ya'ya Mata da Ke Zuwa a Makare

A ranar da aka yaye mu daga sakandare, sau biyar aka kira sunan yarinya ɗaya ta fito gaban taro. Zan sakaya sunanta, domin tana nan da ranta da mutuncinta. Ita ce ta ɗaya a Lissafi, ita ce ta ɗaya a darussan kimiyya uku, ita ce kuma gwarzuwar shekara. Babban baƙo ya miƙa mata agogon bango da turmin atamfa da takardar yabo, aka ɗauki hoto, ya ce ga likitar gobe. Da sakamako ya fito tana da kiredit tara. Ta ci JAMB, ta sami gurbi a jami'a. Mahaifinta manomi ne. Ya sayar da tumaki biyu da buhunan gero, kuɗin rajista bai cika ba. Ya je ofishin da aka ce ana ba da tallafin karatu, aka ce masa: "Baba, sai ta yi rajista ta kawo lambarta ta ɗaliba, sannan a duba." Kafin ya haɗa cikon, wa'adi ya wuce. Ni da ban taɓa wuce ta bakwai a ajinmu ba, na shiga jami'a na fito da digiri. Abin da ya raba ni da ita shi ne albashin yayana.

Tun daga ranar nake tambayar kaina: wa aka yi wa tallafin karatu, idan wadda ta fi kowa cancanta ba ta iya isa gare shi? Amsar da na samu ba ta da daɗi. Mun gina tsarin tallafi a bayan kogi, alhali a bakin kogin yaranmu mata suke tsayawa. Wadda ta riga ta haye ake miƙa wa igiya.

Kogin nan yana da suna, shi ne watannin da ke tsakanin aji ukun babbar sakandare da ranar rajista a babbar makaranta. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatu kyauta na shekara tara, wato firamare da ƙaramar sakandare. Daga nan sai yadda kowace jiha ta ga dama. Yarinyar da ta kai ƙarshen sakandare tana buƙatar kuɗin WAEC ko NECO. Inda gwamnatin jiha ta ɗauki nauyi kuwa, an sha riƙe sakamakon ɗalibai saboda bashin da ba a biya hukumar jarrabawa ba. Sai fom ɗin JAMB, wanda ba ya samuwa sai da lambar NIN. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar, don haka 'yar ƙauye sai ta yi tafiya zuwa cibiyar da ke birni, ita da wanda zai raka ta, ta zauna gaban na'urar da wataƙila ba ta taɓa taɓawa ba. Bayan haka akwai tantancewar jami'a, da kuɗin karɓar gurbi, da kuɗin rajista, da na ɗakin kwana, da guzuri. Kowane ɗaya daga cikinsu ƙarami ne a idon mai albashi, amma kowane ɗaya yana da ranar rufewa. Sakamakon JAMB kuma shekara ɗaya yake aiki. Wadda gurbinta ya kuɓuce sai ta sake daga farko.

To, dubi inda tallafin yake. Hukumomin tallafin karatu na jihohi galibi suna neman takardar samun gurbi da shaidar rajista. Tallafin kamfanonin mai da na tarayya, yawancinsu na waɗanda suka riga suka zama ɗaliban manyan makarantu ne. Asusun NELFUND da ya fara aiki a 2024 rance ne, shi ma na wanda ya riga ya sami shiga. A ɗaya gefen, shirin AGILE da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 da dala miliyan 500, wanda ya fara da jihohi bakwai da suka haɗa da Kano, Katsina, Kaduna, Kebbi da Borno, aikinsa shi ne shigar da 'yan mata sakandare da riƙe su a ciki. Aiki ne mai kyau, yabon gwani kuma ya zama dole. Sai dai idan aka haɗa hoton gaba ɗaya, za a ga mun yi wa gida ƙofar shiga, mun yi masa bene, mun mance da matakala.

Laifi na biyu yana ga ma'aunin hazaƙa. Idan aka ce za a ɗauki 'yan mata hamsin da suka fi maki a faɗin jiha, an riga an san daga inda mafi yawansu za su fito: makarantun kuɗi na birni, masu ɗakin gwaje-gwaje da janareta da malamin darasin yamma. Iyayen waɗannan da ma za su iya biya. Yarinyar da ta sami kiredit bakwai a makarantar jeka-ka-dawo wadda ta shekara biyu babu malamin Fizik, tana karatu da fitilar waya bayan ta gama talla da ɗiban ruwa, ta nuna abin da maki ba ya aunawa. A gwada ta da 'yar makarantar kuɗi a kan sikeli ɗaya, sannan a kira abin adalci, wannan rufe ƙofa da ɓarawo ne.

Na san abin da za a ce, domin an sha faɗa mini. Na farko: ai maza ma talauci yana hana su karatu, me ya sa za a ware mata? Gaskiya ne, kuma ban nemi a rage wa kowane yaro ko kwabo ba. Amma talauci ba ya cizon su iri ɗaya. Idan kuɗin gida na mutum ɗaya ne, kowa ya san wanda ake turawa. Saurayin da gurbinsa ya wuce yana iya shiga kasuwa, ko ya hau babur, ko ya yi leburanci shekara biyu, ya tara ya sake zana jarrabawa, babu mai cewa uffan. Budurwa kuwa, shekara ɗaya ta zaman gida ta isa a fara ƙirga mata kwanaki. Maƙwabta su yi magana, dangi su yi magana, uban da ba shi da abin kai ta makaranta ya ga ba shi da hujjar ci gaba da ajiye ta. Ban zarge shi ba. Lokacin jiran yarinya gajere ne, shi ya sa tallafin da ya makara ya fi yi mata illa.

Na biyu: ai aure za ta yi, kuɗin ya tafi a banza. Wannan magana ta fi ba ni mamaki idan ta fito daga bakin wanda yake alfahari da tarihin Daular Usmaniyya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki malaman zamaninsa da suke koyar da almajirai suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, matar aure ce, matar Waziri Giɗaɗo, uwar 'ya'ya. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa jajis su shiga ƙauyuka suna karantar da mata. Aure bai cinye iliminta ba. Sannan mu dubi kanmu a yau. Mutumin da yake cewa karatun mace asara ne, shi ne zai tsaya a bakin ɗakin haihuwa yana rantsuwa cewa namiji ba zai duba masa mata ba. Daga ina likita mace za ta fito? Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa mata 512 ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000 a Nijeriya. Wanda yake son girbi dole ya yarda a yi shuka. Idan muna son mace ta karɓi haihuwar matanmu, mace ta koyar da 'ya'yanmu mata, to sai mun biya kuɗin karatun wata yarinya yau.

Na uku: babu kuɗi. Tun bayan cire tallafin man fetur a 2023 da ƙarin kuɗin rajista a jami'o'i da dama, kowa yana ji a jikinsa. Amma rashin kuɗin namu yana da zaɓe. Abin da ake kashewa a kai ɗalibi ɗaya ƙasar waje zai ɗauki nauyin 'yan mata da yawa a jami'o'in gida. Abin da ake kashewa a rumfa da kujeru da abincin manyan baƙi ranar bikin karramawa ya fi kyautar da ake bai wa wadda aka taru dominta. A 2023 an aurar da ma'aurata 1,800 a rana ɗaya a Kano, da gado da katifa da sadaki, kuma alheri ne. Al'ummar da ta iya haɗa wa yarinya kayan ɗaki ba za ta ce ta kasa haɗa mata kuɗin rajista ba. Muna da hukumomin zakka da waƙafi, muna da attajirai, muna da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, muna da adashi da gudummawar biki da matanmu suka ƙware a kai. Niyya ce ba ta karkata nan ba.

Kada a ce abin da nake kira gare shi mafarki ne, domin an gwada makamancinsa a ƙasar nan. Shirin Women for Health, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2012, ya yi aiki a Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe. Ya shiga karkara ya nemo 'yan mata da matan aure da suka gama sakandare, da yardar iyaye da mazaje da masu unguwanni, ya ba su shekarar share fage don su cike kiredit ɗinsu su shiga makarantun ungozoma da aikin jinya, bisa alkawarin za su koma su yi wa garuruwansu aiki. Sirrinsa shi ne ya je inda yarinyar take, a lokacin da take buƙata, ya kuma yi magana da gidansu.

Saboda haka ga abin da nake nema, daga gwamnatocin jihohi da duk mai niyyar taimako. A zaɓi yarinya tun tana aji biyun babbar sakandare, a rubuta mata alkawari a hannu, domin uban da ya san an tanadi kuɗin jami'a daban yake amsa masu zuwa neman aure. A raba guraben tallafi bisa ƙananan hukumomi da makarantun gwamnati, kowace makaranta ta fitar da gwarazanta. Tallafin ya fara daga kuɗin jarrabawa da fom da kuɗin mota, ya haɗa da ɗakin kwana mai tsaro, domin wannan ne babban abin da ke hana iyaye sakin 'ya'yansu. A biya kuɗin rajista kai tsaye ga makaranta kafin wa'adi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Kada aure ko haihuwa su soke tallafi. A ba ta hutu ta dawo. A kuma buga sunayen waɗanda suka samu a allon kowace makaranta, yadda ba zai zama rabon 'yan siyasa ba.

Na ziyarci ƙawata bara. Tana da 'ya'ya uku, mijinta mutumin kirki ne, kuma da yamma yaran unguwa suna taruwa a tsakar gidanta tana koya musu Lissafi ba tare da ta karɓi ko sisi ba. Ba ta yi mini ƙorafi ba. Ta tambaye ni ko har yanzu ana karɓar sakamakon da ya daɗe. Agogon nan yana rataye a bangon ɗakinta, yana aiki. A wannan shekarar ma za a yi bikin yaye ɗalibai a ɗaruruwan makarantu, za a kira wata yarinya sau biyar, za a tafa. Ina roƙon duk wanda zai miƙa mata kyauta ya fara tambayar mahaifinta nawa ne kuɗin rajista, kuma yaushe ake rufewa.