Allura Ba Ta Gyara Ƙugu

'Yan'uwa malamai, ciwon da ke tasowa daga ƙugu ya gangara har diddige ya addabi da yawa daga cikinmu. Galibi faifan da ke tsakanin ƙasusuwan gadon baya ne ke gocewa ya danne babbar jijiyar ƙafa. Mu kuwa sai mu nufi kemis a tsira mana diclofenac. Zafin ya lafa yini guda, yawan allurar kuma ya jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda.

Abin da likitoci ke ba da shawara shi ne gashin ƙashi: atisaye a hannun ƙwararre da tattaki, banda doguwar kwanciya. Akasari akan sami sauƙi cikin mako 4 zuwa 6. Akwai sashen gashin a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Sakkwato, amma malamin Jabo ko Kebbe da ya tafi sai a lissafa masa fashin aiki. Wannan zalunci ne.

Wajibi ne reshenmu na NUT ya nemo mana izinin jinya a rubuce, da ƙwararren da zai riƙa zuwa Tambuwal. Wanda fitsari ya fara ƙwace masa kuwa, ko ƙafarsa ta saki, ya nufi asibiti a ranar.