Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Jama'a, a kowace shekara manyan masu sana'ar silima na Amurka su kan taru a birnin Los Angeles su raba lambobin girma da a ke kira Oscar. Tun 1929 a ke wannan biki. Wani zai ce ina ruwan jaridar talakawa da bikin attajiran Holiwud? To, da ruwanmu, gama duk inda a ke rabo kuma waɗansu 'yan tsiraru ne ke riƙe da mudu, ya kamata a duba yadda su ke awo.

Maganarmu a kan finafinan ƙagen kimiyya ce, watau waɗanda su kan ɗauki ilmin zamani su ƙaga labari a kansa: tafiya zuwa taurari, mutum-mutumin ƙarfe mai tunani, ko halin da duniya za ta shiga nan gaba. Ra'ayina shi ne ba a yi musu adalci ba, kuma ga shaida.

A 1968 Stanley Kubrick ya fito da 2001: A Space Odyssey, fim ɗin da har yau masana ke lissafa shi cikin mafiya kyau da a ka taɓa yi. Ko cikin jerin masu takarar babbar lamba ba a sa shi ba. Oliver!, fim ɗin waƙe-waƙe, shi ya ci. Kubrick ya tashi da lamba ɗaya tak, ta dabarun hoto, kuma ita kaɗai ya samu har ya bar duniya. Star Wars na 1977 ya kwashi lambobi 6, amma babbar ta tafi ga Annie Hall. E.T. na 1982 ya sami 4, Gandhi ya ɗauki babbar. Avatar na 2009 ya tara kuɗin da ba wani fim da ya taɓa tarawa kafinsa, ya sami 3, a ka ba The Hurt Locker kambi. Gravity na 2013 ya ci 7, har da ta mai ba da umarni, duk da haka bai kai ga babbar ba. Dune na 2021 ya ci 6, ya fi kowane fim yawan lambobi a bikin 2022, amma mutumin da ya shirya shi, Denis Villeneuve, ko sunansa ba a kira ba cikin masu ba da umarni. Ashe gida zai yi kyau har a yabi ƙofa da taga da daɓe, sa'an nan a manta da magini?

Ku lura da irin lambobin da a ke ba su: ta sauti, ta dabarun hoto, ta ƙawata dandali, ta tace fim. Waɗannan aikin hannu ne na ma'aikata, kuma ba mu raina su ba ko kaɗan. Masu rabon ne su ka mai da su na bayan gida. Ga alama dai dokar da ba a rubuta ba ita ce, ku zo ku cika mana gidajen silima, ku kawo kuɗi, mu sallame ku da tukwici, amma rawani na 'yan gida ne.

Gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta. Ba kowace shekara a ka yi zalunci ba. Wanda ya san abin da mulkin mallaka ya yi wa Indiya ba zai yi baƙin cikin nasarar Gandhi ba, haka kuma 12 Years a Slave, wanda ya kayar da Gravity, ya tona asirin cinikin bayi yadda ya kamata. Akwai kuma finafinan kimiyya da yawa da ba su da komai sai ƙara da walƙiya. Amma in abu ya faru sau ɗaya a ce tsautsayi ne, in ya yi ta faruwa shekara hamsin, lalle akwai dalili.

Dalilin kuwa yana wurin masu zaɓe. Ƙungiyar da ke raba Oscar ba kowa ke shigarta ba, sai wanda a ka gayyata. Kowane reshe shi ke tsai da 'yan takarar sana'arsa, sa'an nan dukan 'yan ƙungiya su jefa ƙuri'a a zagaye na ƙarshe, kuma reshen 'yan wasa ya fi kowane reshe yawa. Ɗan wasa kuwa ya fi son fim ɗin da fuskar ɗan wasa ta cika allo, a yi kuka, a yi dogon jawabi. A 2012 jaridar Los Angeles Times ta bincika ta gano cewa kashi 94 cikin ɗari na masu zaɓen farar fata ne, kashi 77 maza ne, kuma rabinsu sun kai shekara 62 ko sun wuce. Majalisar da ke zaɓen 'ya'yanta da kanta, me za ta haifa in ba irinta ba?

Abin da ya fi damuna shi ne ɗaukar da a ke yi wa waɗannan finafinai kamar tatsuniyar yara. Alhali kuwa sun daɗe suna maganar talaka. Tun 1927 Fritz Lang na Jamus ya nuna cikin Metropolis birnin da masu dukiya ke shaƙatawa a benaye, leburori kuma suna ƙarƙashin ƙasa suna bautar injuna. District 9 na 2009, wanda a ka yi a Afirka ta Kudu, labarin baƙi ne daga sararin sama da a ka killace a unguwar kwano, kuma kowa ya gane cewa wariyar launin fata a ke nufi, da korar da a ka yi wa mutanen District Six a Cape Town. Avatar kamfanin haƙar ma'adinai ne da sojojinsa su ka zo tashin mutane daga ƙasar kakanninsu. Dune kuwa ƙasar hamada ce mai arziki wadda manyan dauloli ke faɗa a kanta, 'yan ƙasar suna kallo. Wanda ya ce wannan wasan yara ne, ko dai bai kalla ba, ko kuwa ba ya son a ji.

An sami canji, amma ku dubi yadda ya zo. A 2009, bayan surutu ya yi yawa, ƙungiyar ta ƙara yawan masu takarar babbar lamba daga 5 zuwa 10, nan take Avatar da District 9 su ka shiga. A 2015 da 2016 dukan 'yan wasa 20 da a ka tsayar farar fata ne, jama'a su ka yi ca, dole ƙungiyar ta buɗe ƙofa ta gayyato dubban sababbin mutane, mata da matasa da 'yan ƙasashen waje. Sai ga The Shape of Water ya ci babbar lamba a 2018, ko da ya ke rabinsa almara ce. A 2023 Everything Everywhere All at Once ya kwashi 7, har da babbar, Michelle Yeoh kuma ta zama gwarzuwar 'yar wasa. Masu zaɓe ne su ka canja, sai hukunci ya canja.

Kada kuma a ce an gama. A 2018 ƙungiyar ta so ta ƙirƙiro wata lamba dabam ta finafinan da jama'a ke so, watau a shimfiɗa musu tabarma a zaure kada su shiga cikin gida. Mutane su ka ƙi, a ka janye. A 2025 kuma Dune kashi na biyu ya tashi da lambobi 2 kacal, an sake tsallake Villeneuve.

Ba mu ce a ba fim lamba don ya tara kuɗi ba, ba mu kuma nemi a yi wa kowa alfarma ba. Abin da mu ke nema shi ne mudu ɗaya ga kowa, kuma a ci gaba da faɗaɗa majalisar masu awo. Allah ya ba mai gaskiya sa'a, amin.