Wai an haɗa komai a tikitin jirgin ruwa

Masu tallar yawon shaƙatawa a jirgin ruwa sun daɗe suna nanata magana ɗaya har jama'a suka haddace ta: ka biya sau ɗaya, ka hau, ka ci, ka sha, ka kwanta, ka wayi gari a wata ƙasa, ba mai sake tambayarka ko sisi. A kan haka ake cewa babu hutun da ya kai shi araha. Ban yarda ba. Lissafin da kamfanonin ke fitarwa duk shekara ma bai yarda ba.

A 2023 kamfanin Carnival, wanda ya fi kowa girma a wannan sana'a, ya yi cinikin dala biliyan 21.6. Wajen sulusin wannan kuɗi ba daga tikiti ya fito ba, daga abin da aka sayar wa fasinja ne bayan tikitin. Na kamfanin Royal Caribbean ma kusan haka yake. Wanda sulusin abincinsa ya rataya a kan ƙarin da za ka kashe, ta yaya zai haɗa maka komai tun farko?

A yi musu adalci, tikitin yana ɗauke da abubuwa: ɗakin kwana, abinci a babban zaure da wurin ɗibi-da-kanka, ruwa da shayi da kofi na gama-gari, wasannin dare, wurin ninkaya da na motsa jiki. Mai kame hannunsa ba zai kwana da yunwa ba.

Amma farashin da aka rubuta da manyan baƙaƙe na mutum ɗaya ne a ɗakin da mutum biyu za su raba, kuma galibi ɗakin ciki ne marar taga. Mai tafiya shi kaɗai yakan biya kusan kuɗin mutum biyu. Lemon kwalba da kuɗi. Intanet da kuɗi, kullum, kan kowace waya. Wanki, hoto, tausa, gidajen abinci na musamman, duk da kuɗi, kuma a kan abin sha da tausa ana ɗora kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari. In ciwo ya kama ka, likitan jirgi ba na sadaka ba ne. In jirgi ya tsaya a Naples ko Cozumel, zagayen garin da kamfani ya shirya farashinsa daban, kuma suna da abin tsoratarwa a hannu: jirgi yana jiran motar da suka ɗauka in ta makara, ba ya jiran wanda ya yi gaban kansa.

Masu kare tsarin za su ce ai duk zaɓi ne, ba wanda aka tilasta. Zaɓi yana da ma'ana ne inda akwai shagon maƙwabci. Jirgin Icon of the Seas, wanda ya fara aiki daga Miami a Janairun 2024, yana iya ɗaukar fasinja 7,600, kuma a tsakiyar teku mai sayarwa ɗaya ne tak, shi ke yanka farashi. Ba a ma bari ka taɓa tsabar kuɗi. Katin da ke buɗe maka ɗaki shi ne na sayayya, an ɗaure shi da katin bankinka, sai daren ƙarshe lissafi ya zo a dunƙule. Wanda ya tsara wannan ya san cewa hannun da ba ya ƙirga kuɗi ba ya jin zafin fitarsu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kuɗin hidima na kullum. Manyan kamfanonin Amurka suna ɗora wa kowane fasinja wajen dala 16 zuwa 20 a rana, yara ma ba su tsira ba, suna kiransa tukwicin ma'aikata. Iyali mai mutum huɗu a tafiyar kwana bakwai, a kan dala 18, sun tashi da dala 504 da ba ta cikin tallar. Kuɗin da aka yanke adadinsa, aka shigar a lissafinka ba tare da an tambaye ka ba, albashi ne, kuma albashi nauyin mai kamfani ne. Masu gyaran ɗaki da masu kai abinci, yawancinsu 'yan Filifin da Indonesiya da Indiya, suna wata da watanni a teku suna aiki kullum, a jiragen da aka yi wa rajista a Bahamas ko Panama. Sun cancanci kuɗin, har da ƙari. Laifin na wanda ya cire haƙƙinsu daga farashi ne don tikiti ya yi kama da araha. Eh, kana iya zuwa teburin karɓar baƙi ka ce a rage. To wa ka rage wa? Kamfani ya koma gefe, ya bar ka da kunyar yaron da ke share maka ɗaki.

Kada a ce ba yadda za a yi. Kamfanin P&O Cruises na Ingila ya soke kuɗin hidimar nan a 2019, jiragensa ba su daina tafiya ba. Harajin tashoshi ma da can a ƙasan shafi ake ɓoye shi, sai da dokar jihar Kalifoniya ta fara aiki a Yulin 2024, ta wajabta nuna duk kuɗin dole a cikin farashi, sannan manyan kamfanonin suka haɗe shi. Ba tausayi ya sa su ba. Kamfanoni irin su Regent Seven Seas kuwa da gaske suna haɗa abin sha da intanet da zagayen gari, shi ya sa tikitinsu yake ninka na sauran.

Mai fasfo ɗin Najeriya ko Nijar yana da nasa ƙarin tun kafin ya hango ruwa: tikitin jirgin sama zuwa Barcelona ko Dubai ko Durban, kwanan otal kafin ranar tashi, inshora, da bizar ƙasashen da za a yada zango. In takarda ɗaya ta gaza, a bakin tasha za a tsayar da shi, kuma sharuɗɗan da ya sa wa hannu sun ce ba a mayar da kuɗi.