GTA VI: Abin da ke riƙe mai wasa ya wuce girman taswira

A watan Nuwamban 2025 kamfanin Rockstar Games ya ɗage fitar da wasan Grand Theft Auto VI zuwa 19 ga Nuwamban 2026, karo na biyu ke nan. GTA V da ya gabace shi ya fito tun 2013, kuma an sayar da kwafi sama da miliyan 200. Me ke riƙe mutane shekaru a wasan da ake sakar musu mara su yawata inda suka ga dama?

Faɗin fili kaɗai ba ya wadatarwa. No Man's Sky ya fito a 2016 da duniyoyin da ba su ƙirguwa, amma masu wasa suka koka cewa kusan duk kamarsu ɗaya. Nintendo kuwa, a Zelda: Breath of the Wild na 2017, ya jera tsaunuka suna tare gani, sai mutum ya hau ko ya zagaya kafin ya san abin da ke baya. Son sani ke jan ƙafarsa.

Na biyu, duniyar ta riƙa mayar da martani. A Red Dead Redemption 2, wanda ya ga an aikata laifi yakan ruga ya sanar da hukuma, don haka kowane mataki na da sakamako.

Ga masu shagunan gem da iyaye, lissafin na kuɗi ne: an sanar da GTA VI a PlayStation 5 da Xbox Series X/S, ban da PS4. Duk mai son sa sai ya sauya na'ura.