Kukan fankar kwamfuta jawabi ne, amma a ofisoshinmu babu mai saurare

Duk wanda ya taɓa shiga wani ofishin gwamnati a Abuja da tsakar rana a watan Maris ya san wannan ƙara. Ba ta janareta ba ce, ba kuma ta na'urar sanyaya ɗaki ba, domin sau da yawa ita wannan ta daɗe da yin shiru. Ƙara ce da ke fitowa daga ƙarƙashin tebur, ko daga gefen kwamfutar tafi-da-gidanka, kamar jirgi na shirin tashi. Ma'aikaci ya saba da ita har ba ya jin ta. In ta yi tsanani sai ya ɗan bubbuga akwatin da tafin hannu, ta lafa na ɗan lokaci, ya ci gaba da aikinsa.

Hausawa sun ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Ra'ayina shi ne wannan ƙara rahoto ce da na'ura ke kai wa mai ita, kuma yadda muke watsi da ita na cikin hanyoyin da dukiyar jama'a ke zurarewa ba tare da kowa ya saci ko sisi ba.

Na ga abin da idona a wata ma'aikata da na taɓa yin aiki, wadda ba sai na ambaci sunanta ba. Wani hadimi, yaro mai ƙwazo, yana haɗa jawabin da maigidansa zai gabatar gaban kwamitin majalisa washegari. Kwamfutarsa ta fi wata biyu tana kururuwa, har abokan aiki sun raɗa mata suna injin niƙa. Da misalin ƙarfe shida na yamma ta ɗauke ɗif. Ya kunna, ta yi minti goma ta sake mutuwa. Haka ya kwana yana kunnawa tana mutuwa, yana ceto shafi ɗaya bayan ɗaya. Da aka buɗe ta bayan kwana biyu, abin da aka tarar a bakin mafitar iska wani curin ƙura ne da ya dunƙule kamar audugar katifa. Mai gyara bai yi rabin sa'a ba ya gama. Amma kafin nan har an riga an rubuta takardar neman sayen sabuwa.

Ya kamata mu fahimci abin da ke faruwa a cikin akwatin, domin ba wani sihiri ba ne. A tsakiyar kowace kwamfuta akwai furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin dukkan lissafi. Ɗan guntun abu ne, amma kusan duk wutar da ya sha zafi take komawa. Don kada ya ƙone, ana ɗora masa wani ƙarfe na alminiyam ko tagulla mai siraran haƙarƙari, wanda ke jan zafin daga jikinsa. Tsakanin su biyun ana shafa wani maiƙo mai launin toka da ke cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani, domin zafi ya ratsa ba tare da iska ta tare shi ba. Sannan fanka ta hura iska ta tsakanin haƙarƙarin ta fitar da zafin waje. A kwamfutar tafi-da-gidanka akwai ƙarin siririn bututun tagulla da ke ɗauko zafin daga furosesa zuwa bakin fanka. Abu uku ke nan, maiƙo da ƙarfe da fanka, kuma in ɗaya ya gaza sauran biyun ba za su iya rufa masa asiri ba.

Furosesa mai lafiya, in ba ta aikin komai, zafinta kan tsaya tsakanin digiri 35 zuwa 50 a ma'aunin Salshiyos. In ana aiki mai nauyi takan kai 70 ko 80, wannan ba abin damuwa ba ne. Yawancin na kamfanin Intel iyakarsu tana wajen digiri 100, na AMD kuwa da yawa 95. Da zarar ta kusanci wannan iyaka sai ta rage gudun kanta don ta huce. Nan ne ma'aikaci zai ga kwamfuta ta fara jan ƙafa, buɗe takarda ɗaya sai an jira, sai ya ɗora laifin a kan intanet ko a kan tsufan na'urar. In rage gudun bai wadatar ba, sai ta kashe kanta gaba ɗaya. Wannan mutuwar ba lalacewa ba ce, tsaro ne da masu ƙera ta suka gina a ciki. Abin da ke lalacewa shi ne aikin da ba a adana ba, da batiri, da ma'ajiyar bayanai, waɗanda zafi na yau da gobe ke rage musu kwana.

Ita ma ƙarar iri biyu ce, kuma bambanta su shi ne rabin gyara. Akwai ƙarar iska, wato huci mai ƙarfi amma mai santsi, wanda ke tashi yana sauka. Wannan fanka lafiyarta ƙalau, ƙoƙari take yi, kuma tambayar ita ce me ya sa take wahala haka. Akwai kuma ƙarar gurzawa ko kaɗawa, kamar an saka tsakuwa a gwangwani. Wannan ita kanta fankar ce ta gaji: ko gindin da take juyawa a kai ya cinye, ko wata waya na taɓa fukafukinta, ko wani kusa ya kwance. Bubbuga akwati yakan sa irin wannan ta yi shiru na ɗan lokaci, shi ya sa mutane suka ɗauka magani ne. Mafi muni duka ita ce fankar da ta saba ƙara sannan wata rana ta yi tsit alhali na'urar na ƙuna. Mai ita sai ya yi hamdala, ga shi kuwa ta mutu ne.

Me ya sa abin ya fi yawa a wurinmu? Amsar tana cikin kalanda. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, mafi yawa daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, ta baza ta a kan Najeriya. Ƙura ce mai laushi kamar gari, tana shiga ta ƙarƙashin ƙofa da jikin taga. Fankar kwamfuta kuwa aikinta zuƙar iska ne awa takwas a rana, don haka wata huɗu take yi tana tara wannan gari a tsakanin haƙarƙarin ƙarfe. Hunturu na wucewa sai bazara ta kunno kai, Maris da Afrilu, lokacin da zafin Abuja kan haura digiri 35. Wato na'urar tana fuskantar mafi tsananin zafin shekara daidai lokacin da hancinta ya fi toshewa. In aka ɗauke wuta, na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, aka ci gaba da aiki da batiri a ɗakin da aka rufe tagogi, to an haɗa mata zafi biyu. Waɗanda suka tsara waɗannan na'urori ba ofishin da ke hawa na takwas, lif ya lalace, taga ba ta buɗuwa suka sa a gaba ba.

Akwai abubuwan da kowane ma'aikaci zai iya yi ba tare da ya taɓa sukundireba ba. Da farko ya duba ko wani abu ne ke cin ƙarfin na'urar. A Windows, danna Ctrl da Shift da Esc tare na buɗe Task Manager, inda za a ga wace manhaja ce ke riƙe da furosesa. Sau da yawa shafukan intanet talatin ne aka bari a buɗe, ko sabuntawa ce ke gudana, wadda za ta wuce. Amma in ba a buɗe komai ba kuma furosesa na aiki kusan ɗari bisa ɗari, a sanar da sashen kwamfuta nan take, domin akwai mugayen manhajoji da ke shiga a ɓoye su mayar da na'urar mutum injin haƙar kuɗin kirifto. Ƙananan manhajoji irin su Core Temp ko HWMonitor na nuna zafin da lamba, in sashen ya yarda a saka su. Sai kuma batun wurin zama. Kwamfutar tafi-da-gidanka mafi yawa ta ƙasa take shan iska, don haka ɗora ta a kan kujerar kushin, ko katifa, ko tarin fayiloli, shaƙe ta ne. Ɗaga bayanta da ɗan littafi kaɗai yakan kawo sauƙi. Ta tebur kuwa kada a manna ta da bango, kada a cusa ta cikin kabad, kada a ajiye ta a ƙasa kan kafet inda tsintsiyar mai shara ke tura mata ƙura kowace safiya. Abu ɗaya ne ba ya jiran gobe: in aka ga jikin na'urar ya kumbura, ko wurin shafa yatsa ya ɗago, batiri ne ya kumbura, a kashe ta a cire daga caji, domin yana iya kamawa da wuta.

Abin da ya wuce nan aikin mai gyara ne, kuma ba shi da tsawo. A kashe na'ura, a zare wuta, a buɗe, a hure ƙurar da iska mai ƙarfi, ana riƙe da fukafukin fanka don kada ta yi gudun da zai lalata ta. In na'urar ta shekara uku ko huɗu kuma zafin bai sauka ba bayan shara, to maiƙon nan ya bushe ya zama kamar alli. A goge tsohon da sinadarin isofurofil, a ɗiga sabo kwatankwacin ƙwayar wake, a mayar da ƙarfen a ɗaure kusoshinsa daidai wa daida. In fanka ce ta mutu a canza ta. Kuɗin wannan duka ɗan ƙaramin kaso ne na kuɗin sabuwar kwamfuta.

To, in abin da sauƙi haka, me ya hana? Wani zai ce sakacin ma'aikata ne, amma ni ban yarda laifin ya tsaya a kansu ba. Tsarinmu ne ya fi son saye a kan gyara. Sayen kwamfuta ɗari biyu aiki ne da ake gani: akwai kwangila, akwai bikin rabawa, akwai hoto. Share kwamfuta ɗari biyu babu wanda zai ɗauki hotonsa, kuma nasararsa ita ce a wayi gari babu abin da ya faru, wanda ba ya shiga rahoton ƙarshen shekara. A kasafin ma'aikatu akwai layin kula da kayan ofis da na kwamfuta a ƙarƙashin kuɗin gudanarwa, amma duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san wannan aljihun ne ake fara taɓawa in dizal ya ƙare ko tafiya ta taso. Jami'an sashen kwamfuta kuma, in an same su, mutum biyu ko uku ne ke hidimar bene guda, kuma sun zama 'yan kwana-kwana: ba a kiransu sai gobara ta tashi.

Akwai masu cewa a bar kowa ya kula da tasa, ya kai ta kasuwa in ta matsa. Na fahimci dalilinsu, domin jiran takarda ta zagaya tebur bakwai kafin a amince da sayen fanka ɗaya abin takaici ne. Masu gyara a Abuja kuma, a Banex da sauran wurare, akwai gwanaye a cikinsu. Amma kwamfutar hadimin minista ba rediyo ba ce. A cikinta akwai daftarin takardun majalisar zartarwa, da sunayen ma'aikata da lambobin asusunsu, da kalmomin sirri da manhajar shiga intanet ta haddace. Barin ta ta kwana a shago, komai amanar mai shagon, abu ne da Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 da Dokar Kare Bayanai ta 2023 ba za su kalla da sauƙi ba. Buɗe ta da kai ma yana iya ɓata garantin da gwamnati ta biya kuɗinsa. Saboda haka ma'aikacin da ya damu da na'urarsa ya shiga tsaka mai wuya: in ya jira ta mutu, in ya kai waje ya karya ƙa'ida. Bai kamata a bar shi da wannan zaɓin ba.

Lamarin ya ƙara nauyi yanzu fiye da shekaru goma da suka wuce. Albashi ta IPPIS yake bi, biyan kuɗi ta GIFMIS, kuma ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya ya sanya 31 ga Disamba, 2025 a matsayin wa'adin da ma'aikatu za su bar aiki da takarda. Manufa ce mai kyau, ina goyon bayanta. Sai dai a da in kwamfuta ta mutu akwai fayil a kabad da masinja zai ɗauko. In aka kawar da fayil ɗin, duk aikin ma'aikata ya rataya a kan na'urar da ke kan teburinsa, ita kuma ta rataya a kan wata 'yar fanka da ba ta kai tafin hannu ba. Ana maganar manyan rumbunan bayanai da horar da ma'aikata, amma ban ji ana maganar wanda zai hure ƙura ba.

Abin da nake kira gare shi ba ya buƙatar sabuwar doka ko kwamiti. Kowane babban sakatare ya ware makonni biyu na ƙarshen Fabrairu, bayan hunturu ya ja da baya kuma kafin zafin Maris ya kama, sashen kwamfuta ya bi ofis ofis ya buɗe kowace na'ura ya share, a nan cikin ginin, a gaban mai ita. A manna wa kowace takarda mai ɗauke da ranar da aka share ta da zafin da ta nuna kafin da bayan sharar, kamar yadda ake yi wa tukunyar kashe gobara. A ajiye 'yan fankoki da maiƙo a sito, yadda ba sai an rubuta takarda a kan kowace ɗaya ba. Inda ma'aikatan sashen ba su isa ba, a haɗa musu da masu yi wa ƙasa hidima da suka karanta fannin, waɗanda da yawansu zaman kashe wando suke yi a ofisoshi. Sannan kada daraktan kuɗi ya sa hannu a kan sayen sabuwar kwamfuta don maye gurbin wadda aka ce ta lalace, sai an haɗa da wannan takarda da ke nuna an buɗe ta an duba.

Kwamfutar hadimin nan da na ba da labari, bayan an share ta, ta ƙara shekara uku tana aiki a hannun wata sakatariya a ofishin rajista. Sabuwar da aka saya masa kuwa, a bazara ta biyu ta fara kuka.