Bidiyon YouTube Ba Zai Tsara Mana Zangon Karatu Ba

Tun da hukumar NERDC ta haɗa kiɗa da zane da rawa da wasan kwaikwayo a darasi guda, wanda muke kira CCA, malaman firamare muka wayi gari da nauyin koyar da abin da akasarinmu ba mu karanta ba a kwalejin ilimi. Wanda ya yi NCE a Hausa da Nazarin Zamantakewa sai a miƙa masa jadawali a ce kiɗa na hannunsa. A 'yan makarantun da Allah ya hore wa fiyano, ko ƙungiyar iyaye da malamai ta saya ko wani tsohon ɗalibi ya bayar, abin da aka saba shi ne malami ya buɗe waya ya nemo bidiyo. Ba mu ga laifin haka ba. Abin da muke ja da shi shi ne a sakar wa bidiyo ragamar zaɓen abin da za a koyar da lokacin koyar da shi.

Mu dubi irin bidiyon da ya fi yawa. Sanduna masu launi ne ke saukowa daga sama, kowace ta faɗa kan maɓallin da za a danna. Yaro mai kaifin ido zai haddace waƙa guda cikin mako, ya kaɗa ranar rabon kyaututtuka, iyaye su tafa. A ce masa ya nuna inda sautin C yake, ko ya kaɗa wata waƙar da bai kalla ba, sai ya tsaya yana kallon malami. Haddar wuraren dannawa ya yi, kiɗan bai shige shi ba. Ga shi kuma YouTube na kawo bidiyo na gaba ne bisa abin da ke riƙe mai kallo, bai san inda ɗalibinmu ya tsaya jiya ba. Wanda ya shirya bidiyon ma yaro ɗaya ya hango, mai fiyano a ɗakinsa da lokaci isasshe. Mu aji muke da shi cike maƙil, da fiyano ɗaya, da darasin da bai kai awa ba.

Don haka takarda ce farko, waya daga baya. A ganinmu zangon farko bai kamata ya wuce abu biyu ba: ƙidayar bugu da tafi, da sanin fuskar fiyano. Babban fiyano na da maɓallai 88, irin na makarantu kuwa galibi 61 ne, farare 36 da baƙaƙe 25, amma shimfiɗarsu ɗaya ce. Baƙaƙen na zuwa biyu-biyu da uku-uku, kuma farin da ke hagun kowane biyu shi ne C. Wannan ba ya bukatar lantarki. Kowane ɗalibi ya zana maɓallan a kwali daidai girmansu, ya sa wa yatsunsa lamba daga babban yatsa 1 zuwa ƙaramin yatsa 5, ya yi ta gwaji a kan benci kafin layi ya zo kansa. A zango na biyu a shiga do, re, mi da hannun dama kaɗai. Rubutun kiɗa a kan layuka biyar, da hannun hagu, su jira zango na uku. Idan wannan ya zauna a rubuce mako-mako, sai malami ya nemo bidiyon minti uku da ya dace da darasin ranar, ya rufe wayar da zarar ya ƙare.

Akwai kuma wata dama da ba ma tsammanin bidiyon Amurka ya nuna mana. Baƙaƙen maɓallan nan sautuka biyar suke bayarwa, kuma da yawa daga waƙoƙinmu na gaɗa da na dandali a kan sautuka biyar suke tafiya. Yarinyar da ta taso da waƙar a bakinta za ta iya laluben ta da kunne tun kafin ta san sunan harafi ɗaya. Me zai sa mu fara ta da waƙar da ba ta taɓa ji ba?

Kayan kyauta masu amfani suna nan. Darussan Hoffman Academy a jere suke daga na farko zuwa gaba, sun fi dacewa malami ya bi su shi kaɗai don ya riga ajinsa. Shafin IMSLP na ɗauke da rubutattun kiɗa da ake saukewa ba kuɗi. Da MuseScore kuwa mutum zai rubuta waƙar garinsu a kwamfuta ya buga wa aji, ko babu intanet.

Rubutaccen tsari zai kuma taimake mu wajen iyayen da ke ɗari-ɗari da kiɗa, kuma damuwarsu abar saurare ce. Uban da aka nuna wa jerin waƙoƙin zango a taron iyaye da malamai ya san abin da ɗansa zai ji. Wanda aka ce wa «daga intanet muke ɗaukowa» yana da hujjar ƙin yarda.

Sai batun aljihu. A yanzu datar da ake sauke bidiyon, da batirin fiyano idan an ɗauke wuta, duk daga albashin malami suke fita, albashin da kowa ya san halinsa. Muna roƙon shugabannin reshe su kai wa hukumar SUBEB bukatu biyu a rubuce: bita a lokacin dogon hutu ga duk mai koyar da CCA, ƙarƙashin malaman kiɗa na kwalejojin ilimi, da kuma sanya data da batir cikin kuɗin gudanar da makaranta. Kafin amsa ta zo, reshe ya kafa ƙaramin kwamiti daga cikinmu da zai fitar da tsarin zango uku, ya sauke bidiyoyin da aka tantance sau ɗaya, a tura wa makarantu daga waya zuwa waya kafin komawa aji a watan Satumba.