SHARHI: Darasi Daga Cinikin Kayan Tarihin Wasan Besbol

A watan Agusta na shekarar 2022, an yi gwanjon wani ɗan kati mai ɗauke da hoton Mickey Mantle, shahararren ɗan wasan besbol na Amurka, a kan dala miliyan 12.6. Kamfanin Topps ne ya buga shi tun 1952, ana haɗa shi da cingam ana sayar wa yara. A 2024 kuma, wata rigar wasa da Babe Ruth ya sa a 1932 ta haura dala miliyan 24.

Mai jin wannan labari zai ɗauka sana'ar tsintuwa ce, alhali ba haka ba ne. Daga ƙarshen shekarun 1980, kamfanoni sun yi ta buga katunan babu ƙaƙƙautawa, jama'a kuma suna saye suna adanawa da zaton za su yi tsada. Da yajin aikin 'yan wasa na 1994 ya sanyaya gwiwar masu kallo, sai kasuwar ta faɗi, kantuna masu yawa suka rufe. Bayan haka, hukumar FBI ta bankaɗo gungun masu ƙirƙiro sa hannun jabu na 'yan wasa. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne.

A ganinmu, abu biyu ke riƙe da darajar irin wannan haja: ƙarancinta, da tabbacin cewa ta asali ce. Saboda haka duk ɗan kasuwar da ke sha'awar shiga, ya fara da ƙananan kayan kyauta masu tafiya kullum, kamar huluna da riguna. Kada kuma ya zuba jarinsa a kan kayan tarihi sai da shaidar ƙwararrun masu tantancewa.